Iƙirarin Mai Fasa-ƙwaurin Kod

A cikin shafukan intanet da na gina wa ƴan kasuwar Ƙonni akwai wani ma'aji da na raɗa wa suna "abu". Yana da ƙane, "abu2". Ƙanen ma yana da nasa ƙanen, "abuSabo", wanda da ya kwana biyu aka yi masa "abuSaboSosai". Akwai danginsu na nesa: "wancan", "dayan", "x", da wani "gwaji" da na rubuta da niyyar gogewa kafin la'asar, yau kuma shi ke riƙe da lissafin bashin wani kantin siminti a Malbaza. Ni na haifi wannan zuri'a kaf ɗinta, amma in aka tsare ni aka ce in faɗi abin da kowannensu ke ɗauke da shi, sai dai in roƙi a ba ni zuwa gobe.

Ga wanda bai san sana'ar ba, kod umarni ne da ake rubuta wa kwamfuta layi bayan layi. Duk abin da za a ajiye a ciki, farashi ne ko sunan mai saye ko kwanan wata, sai an ba ma'ajinsa suna. Kwamfuta ba ruwanta da ma'anar sunan. Ka kira farashin buhun albasa "farashinBuhu" ko ka kira shi "jaki", lissafi ɗaya za ta yi maka. Don mutum ake sa suna: wanda zai buɗe aikin bayanka, ko kai kanka bayan damina ta wuce ka manta abin da kake nufi. Hausawa sun ce suna linzami ne. Nawa dawakin duk a sake suke.

Ƙyuyar raɗa suna ita ce rabin halin nawa. Ɗaya rabin ya fi muni: ba na ƙaunar a gyara mini, ballantana na'ura ta gyara mini.

Aikina ba babba ba ne. Ƙonni gari ne na hanya, titin da ya taso daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram ya ratsa ta cikinsa, a Tsarnawa wani ya ware ya nufi Tawa, ga iyakar Najeriya a bakin ƙofa. Inda kaya ke wucewa lissafi ba ya ƙarewa. Mai albasar Galmi yana son sanin buhu nawa ya loda da wanda bai biya shi ba, mai siminti yana son ganin abin da ya rage a sito, mai kantin magani yana son a tuna masa ranar da magani zai lalace. Ni kuma in haɗa musu ɗan shafi da PHP da JavaScript, su buɗe a waya. Shekaru ina wannan ni kaɗai, ni ne mai rubutu, ni ne mai dubawa, kuma ban taɓa kama kaina da laifi ba.

Sai ɗan ƙanwata ya gama karatu a Yamai, uwarsa ta ce ya zo ya riƙa taya ni. Ya buɗe aikin mai albasa, ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, "Kawu, wannan 'dayan' wane ɗayan ne?"

Na ce, "Ɗayan mana."

Bai ƙara magana ba, don yaro ne mai ladabi. Abin da ya kasa faɗa mini da baki sai ya ɗauko linta ya faɗa a madadinsa.

Linta manhaja ce da ke karanta kod ta fito da abin da bai dace ba. Ba ya kunna aikin ya ga ko yana tafiya. Rubutun kawai yake farfasawa gaɓa-gaɓa, ya jera shi reshe-reshe, sannan ya bi kowane reshe da dokokin da aka ba shi. Stephen Johnson ne ya rubuta na farko a ɗakunan binciken Bell a Amurka cikin 1978, don harshen C. A 2002 Douglas Crockford ya yi wa JavaScript nasa, JSLint, kuma bai ɓoye halin abin ba, ya gargaɗi masu amfani da shi tun daga bakin ƙofa cewa zai ɓata musu rai. Ya kuwa ɓata, har Anton Kovalyov ya ɓalle da JSHint a 2011 don a samu mai sassauci. A 2013 Nicholas Zakas ya fito da ESLint, wanda kowace doka a cikinsa ana iya kunna ta, a kashe ta, ko mutum ya rubuta tasa. Shi ne ya mamaye fagen, shi ne kuma aka sakar mini. Matsayin kowace doka uku ne: 0 a kashe take, 1 gargaɗi, 2 kuskure. Gargaɗi a ja masa layi rawaya, kuskure a ja masa ja. Da na ji wannan tarihi abu ɗaya na tsinta a ciki: ashe ba ni kaɗai ne ba na son gyara ba, har Turawa sun raba gari a kansa. Hankalina ya ɗan kwanta.

Bai daɗe a kwance ba. Ranar da aka kunna abin a kan aikina, allon ya yi jawur tun daga sama har ƙasa. Aikin da Alhaji mai albasa ke yabo a gaban mutane, aikin da ya ciyar da gidana, wai babu shafi ɗaya mai lafiya a cikinsa. Mai hankali da ya ga haka sai ya zauna ya gyara. Ni zama na yi ina nazarin dokokin ɗaya bayan ɗaya, ba don in bi su ba, don in gano inda suke da rami.

Akwai dokar tsawon suna, wadda a asalinta ba ta yarda da suna mai harafi ɗaya ba. Ta ƙi "x", na ba ta "xx", ta karɓa. Yaron ya ɗaga ƙa'idar zuwa harafi huɗu, na ba ta "xxxx". Akwai dokar da ake jera mata sunayen da aka haramta. Ya sa "abu", "wancan" da "gwaji" a ciki. Bai san zurfin Hausa wajen kalmomin da ba su nufin komai ba: na koma "kaza", na koma "wane", na koma "lamari", "harka", "sha'ani" ma na so in sa, alamar ɗauri ta hana ni. Akwai dokar da ke kama ma'ajin da aka buɗe ba a yi amfani da shi ba. Maimakon in goge shi, sai in ƙara layi guda da ke buga shi a wurin da ba mai gani, shi ke nan an yi amfani da shi. Akwai kuma dokar sarƙaƙiya. Thomas McCabe ne ya kawo ma'auninta a 1976: a ƙirga hanyoyin da aiki guda zai iya bi saboda yawan "in kaza ne" da "in ba haka ba", ya kuma ba da shawarar kada su wuce 10. ESLint ya yi sassauci ya bar su a 20. Aikina mai fitar da jimillar wata ya tsallake 20 ɗin bai ko waiwaya ba. Na sa wuƙa na raba shi biyu daidai tsakiya, ba tare da duba abin da ke ina ba, na kira na sama "rabinFarko", na ƙasa "rabiNaBiyu". Jan layi ya ɓace. Na kira yaron ya zo ya ga yadda manya ke aiki.

Duk wannan wasan yara ne kafin in gano hanyar daji. Mu mutanen bakin iyaka ne, kuma ko yaron da ke tallan ruwa a tasha ya san cewa kowace ƙofar duwan tana da ƴar hanyar da ke bi ta bayanta. Linta ma haka yake. In ka rubuta "eslint-disable-next-line" a saman layi, sai ya kau da kai daga wannan layin. In ka rubuta "eslint-disable" a saman shafi, ya kau da kai daga shafin baki ɗaya. Waɗanda suka gina shi sun bar wannan ƙofa ne don ranar larura, inda dokar ba ta dace da wurin ba, kuma ana so mutum ya rubuta dalilinsa a gefe. Ni na mai da ita babbar hanya. Da yaron ya gane, sai ya kafa shinge a Git, ma'ajiyar da muke tara tarihin aiki, yadda ba za a shigar da sabon kod ba sai linta ya sa hannu. Ban kwana ba sai da na samo "--no-verify", ƴar kalmar da in ka liƙa ta a ƙarshen umarni kaya su wuce ba a kwance su ba. Ban taɓa tsallaka da ko galan ɗin fetur ba a rayuwata, amma a gaban kwamfuta na zama gawurtaccen ɗan fasa-ƙwauri. Abin dariyar shi ne kayan nawa ne, shingen a gidana yake, wanda za a cuta kuma ni ne.

Hujjoji kuwa ina da su jibgi. Na ce wuta ba ta da tabbas, kafin in tsaya zaɓen suna batir ya mutu. Na ce Alhaji ba sunan ma'aji ya saya ba, lissafi ya saya. Na ce su kansu masu dokar ba su daidaita ba. A JavaScript ana son salon tozon raƙumi, a manne kalmomi a ɗaga harafin farkon kowace ta gaba, kamar "farashinBuhu". A Python, ƙa'idar PEP 8 da aka rubuta a 2001 ta ce a ja su a ƙasa da ɗan layi, salon maciji, "farashin_buhu". A CSS an saba tsire su da karan ɗori, "farashin-buhu". A cikin PHP kaɗai, ƙa'idar PSR-1 ta ce tozon raƙumi, masu WordPress suka ce maciji. Hatta tsawon layi da ake ta ɗaga jijiyar wuya a kai, harafi 80, gadon katin IBM ne mai huda na 1928, wanda ba ni ba kakana ba wanda ya taɓa riƙewa. To, don me zan bi dokar da masu ita ke saɓani a kanta?

Yaron ya ce, "Kawu, ba a ce wani salo ya fi wani ba. Cewa aka yi ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Kai a shafi guda kana da raƙumi da maciji da tsire."

Gaskiya ya faɗa, kuma bai ma ƙirga harsuna ba. Faransanci na koya a lakwal, littattafan sana'ar da Ingilishi suke, tunanina da Hausa nake yi. Saboda haka a aikina za ka ga "prixBuhu", ka ga "totalKudi", ka ga "montant_albasa_final", harshe uku a suna ɗaya ba tafinta. JavaScript ya yarda a sa ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a cikin suna, amma allon rubutuna na Faransa ne, ba su a kai. Ranar da nake jin kishin harshe in nemo su in rubuta "kuɗi", ranar da nake sauri in rubuta "kudi", ita kuwa kwamfuta a wurinta waɗannan mutum biyu ne da ba su san juna ba. Akwai ma wani ma'aji mai suna "illela" a aikin wani mai ɗaukar kaya. Muna da Illela ta jihar Tawa, can arewa da mu, muna da Illela ta jihar Sakkwato da muke hange daga bakin iyaka. Wace nake nufi? Na duba sama, na duba ƙasa, ban bar wa kaina ko alama ba.

Wasu dokokin ma ba na ado ba ne. Wadda ke hana a kwatanta abu biyu da alamar daidai guda biyu, sai dai uku, tana da dalili: a JavaScript, in ka kwatanta gurbin da ba a rubuta komai a ciki ba da sifili ta hanyar alama biyu, sai ya ce daidai suke. Wato wanda aka manta ba a shigar da bashinsa ba, sai ya fito a jerin waɗanda suka biya. Wadda kuma ke tilasta a kewaye umarnin da ke bin sharaɗi da baka, ko da layi ɗaya ne, tana da babban misali. A Fabrairun 2014 aka gano cewa wani layi guda ya maimaitu a kod ɗin Apple mai tantance amincin sadarwa, ba baka a kewaye da shi, sai ya sa ana tsallake binciken da ke biye. Wayoyi da kwamfutoci masu ɗimbin yawa suka zauna a buɗe saboda layi ɗaya. Da aka ba ni wannan labari abin da na ce shi ne, to in Apple ma ta yi, wane ni? Ka ji mutumin da ake ba magani yana neman abokin ciwo.

Inda abin ya kai ni ƙasa shi ne wajen kuɗi. A Ƙonni kalmar nan ba abu ɗaya take nufi ba. Akwai sefa, akwai naira, akwai kuma yadda baki ke ƙirga sefar: dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika guda sefa 1000. Yaron shagon Alhaji yana shigar da kuɗin sayen albasa yadda aka yi ciniki da baki, wato da dala. Kuɗin sayarwa kuma daga takarda ake kwafo shi, da sefa. Abin da aka sayar a tsallake yana zuwa da naira. Ni kuwa ma'ajin farko na kira shi "kudi", na biyu "kudi2", na uku "kudinDayan". Wata rana na ƙara shafin riba, na ɗebe na farko daga na biyu kai tsaye, ban ninka shi biyar ba.

Alhaji ya kira ni shago. Ya ce, "Malam, injinka ya ce na ci riba mai yawa a kayan da na san da ƙyar uwar kuɗi ta dawo. Ni ban ƙi ba. Zo ka nuna mini inda ribar take in ɗauka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji, ƴar matsala ce ta intanet."

Intanet ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Daga baya na samu abin rarrashin kai: a Satumban 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta aika ya kewaya duniyar Mars, saboda ɓangare ɗaya na masu aikin ya ba da ƙarfin turi da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren ya ɗauka da ma'aunin niyuton ne. Tazarar tasu ninki huɗu da kusan rabi ce, tawa biyar cif. Ko a nan na fi su.

Akwai kuma farashin canji. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan kowane yuro ɗaya tun 1999, ba ta motsi. Naira kuwa da aka sake ta a watan Yunin 2023 sai ta yi ta gangara, ƴan canjin bakin tasha suna sauya farashi tsakanin safe da yamma. Ni na rubuta farashin canjin a matsayin lamba tsirara, ba suna, a duk inda na buƙace shi. ESLint yana da dokar da ke hana irin wannan lamba marar suna, ita ce kuma ta farko da na toshe wa baki. Da naira ta faɗi sai ga ni ina bin shafuka da fitilar waya ina farautar lambar, in gyara nan in manta can.

Amma ka san abin da na yi da labarin dala? Murna na yi. Na lura cewa linta bai ce uffan ba a kan "kudi2": tsawonsa ya isa, salonsa daidai, an yi amfani da shi. Na'ura siffar suna take gani, ba ta san abin da ke cikinsa ba. Na je wa yaron da ƙafafuna ina cewa, ka gani, malamin naka ma bai kama ba. Ya ce, "Haka ne, Kawu. Shi ya sa wannan ɓangaren aikinka ne, ba nasa ba." Sannan ya zauna ya rubuta doka tasa: duk sunan da ya fara da "kudi" dole ya ƙare da Sefa, ko Naira, ko Dala. Yanzu in ka ga an ɗebe "kudinSayeDala" daga "kudinSayarwaSefa", idonka ma ya isa ya tsayar da kai. Ya kuma kawo Prettier, wanda James Long ya fitar a 2017, wanda shi ba ya ma gardama da kai: kana ajiye shafi zai sake jera shi yadda ya ga dama, tazara da waƙafi da komai. Na yi fushi, har na gane cewa shi ne abokin aiki na farko da ke gyara mini ba tare da ya faɗa mini na yi kuskure ba. Shi kam muna shiri.

Kada a ɗauka ban san darajar suna mai kyau ba. Na sani sarai, in aikin wani ne. An taɓa kawo mini shafin da wani ya gina wa wata makaranta ya tafi ya bari, na buɗe na tarar da "a1", "a2", "truc", "machin". Na yi ta faɗa har makwabta suka leƙo, ina cewa wannan rashin tausayi ne, mutum ya rubuta abu kamar ba za a mutu a bar wa wani ba. Yaron yana gefe yana danne dariya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. An ce wani injiniyan Netscape, Phil Karlton, ya lissafa raɗa suna cikin abubuwa biyu mafiya wuya a ilimin kwamfuta. Ina yawan kawo maganarsa, amma ni ba wuyar ce ta kayar da ni ba, don ban taɓa tsayawa na gwada ba. Suna mai kyau yana tilasta ka san abin da kake rubutawa kafin ka rubuta shi, ni kuwa na fi son in rubuta tukuna in sani daga baya. Duk "abu" da na bari a kod, wuri ne da na ƙi yin tunani na tura wa wani ya yi.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, na sani, ina ma faɗa wa yara. Sai dai har yau in jan layi ya fito a ƙarƙashin abin da na rubuta, yatsuna sun riga hankalina isa ga hanyar toshe shi. Yanzu yaron ya ɗauke binciken daga kwamfutata ya mai da shi can kan GitHub, inda ake duba duk abin da aka tura, ya kuma sa ko gargaɗi ɗaya ya hana aiki wucewa. A can "--no-verify" ba ta da wani tasiri. Na yi kamar na sallama. Amma na riga na gano cewa in mutum ya rubuta "skip ci" cikin baka mai kusurwa a saƙon da ke rakiyar aikinsa, binciken ba zai tashi ba sam. Ban yi amfani da ita ba tukuna, kuma ban yarda da kaina ba. Shi ya sa na rubuta ta a nan, inda na san ɗan ƙanwata zai karanta: ɗana, ga wata ƙofar, ka rufe ta kafin lokacin kwasar albasa ya zo aiki ya yi mini yawa.